Damin Iri a Bayan Shinge

Har yau in na ji ƙamshin gyaɗa tana gasuwa cikin toka, sai in ga kaina a tsakar gidanmu na ƙauye, kusa da Bande, na naɗe ƙafafu gaban wutar kara ina jiran kakata Iya Hassana ta shafa addu'a. Lokacin sanyi muke samun tatsuniya, bayan an kai amfanin gona gida an rufe rumbu. Da damina ba mai ko tayar da zancen, don kowa da gajiya yake kwana. Amma da an ɗaure dami na ƙarshe, mu jikoki sai mu shiga tara kara tun la'asar, kowa na nuna tarinsa ya fi, saboda Iya ta ce ba ta buɗe baki a gaban ƙaramar wuta.

Ƴar ƙaramar mace ce Iya, ba jiki sai baki. Ni take kira angonta, irin wasan nan na kaka da jika, kuma ba ranar da ba ta kai ƙarata wajen mutanen gida ba, wai ta auri miji marar cefane, sai ci da barci da tambayar tsiya. Ni kuwa in ce tsohuwa ce, na sake ta, zan auro mai haƙora. Ta yi dariya har ta ƙware, ta tono gyaɗa mai zafi ta ajiye mini a tafin hannu don in yi tsalle.

A ɗakinta, sama da murhu inda hayaƙi ke bugawa, kullum akwai wani ɗan damin gero a rataye, ɗaure da igiyar kaba. Zangarnun zaɓaɓɓu ne, dogaye, cike da ƙwaya har baki. Ko kaza ba ta isa ta kalle shi ba, balle mu. Wannan damin ba namu ba ne. Na Iya Usaina ne, ƴar tagwaicin kakata, wadda aka aurar tun suna ƴan mata a wani ƙauye bayan Babura, cikin Najeriya.

Abin ya samo asali ne daga wata shekarar yunwa suna ƙanana. Mahaifinsu ya daure ya daure, ƙarshe da ya ga yara na kuka ya sauko da irin shuka aka daka aka sha. Da ruwa ya sauka, maƙwabta suka fita gona, shi ya zauna ƙofar gida yana kallon ƙasa. Iya ta ce ranar ce kaɗai ta taɓa ganin hawayen babansu. To da aure ya raba tagwayen, sai suka yi wa juna alkawari. Kowace kaka, Iya Hassana za ta zaɓi mafi kyawun zangarnun ƴar gonarta, ta ɗaure, ta ɗauka da kanta ta kai wa Usaina, ta karɓo nata ta taho da shi. In bazara ta yi, hadari ya fara haɗuwa a gabas, sai Usaina ta zo da namu ta karɓi nata. Dalilinsu shi ne yunwa na iya sa mutum ya ci irinsa, amma ba ta sa shi ya ci na amana. Kuma ba a aike da shi. Hannun mai shi ne ke sa shi a hannun mai ajiya. Sai da na girma na gane rabin dabarar don su riƙa ganin juna ne, domin ba mijin da zai hana mace tafiya karɓo irin shuka.

Tatsuniyoyin Iya suna da yawa, amma ɗaya ce ta fi maimaitawa, musamman in ta dawo daga wajen ƴar'uwarta da sabon dami. Takan gyara zama ta ce mu ara mata kunnuwanmu, gobe ta mayar mana. Mu haɗa baki mu ce mun ara.

Wai zabuwa da makwarwa ƙawaye ne tun suna tsaki. Gonakinsu na jingine da juna, ba abin da ya raba su sai layin gamba, da wata siririyar hanya da ƙafafunsu suka fitar saboda yawan zuwa. Kowace kaka sukan yi musayar iri, wannan ta ajiye na waccan. In Iya ta zo nan sai ta ɗaga kai wajen ƙofar ɗakinta, mu kuma mu tuntsire da dariya, don mun san su wa ake nufi.

Ana nan sai muzuru ya yi sallama gidan zabuwa. Iya takan sassauta murya ta lanƙwasa wuya, ta zama muzurun sak. Ya ce shi dai wucewa yake, amma ya ga inuwar shaho tana kewaya gidan nan, kuma zuciyarsa ba za ta jure ganin an ɗauke ƴan tsakin nan masu kyau ba. A bar shi ya riƙa kwana a bakin ƙofa. Ba ya son komai, sai dai ƙwai ɗaya jefi-jefi don ya sami ƙarfin gadi. Zabuwa ta yi godiya ta shimfiɗa masa tabarma.

Shaho daga sama ya hango muzuru ya sami wurin zama. Ransa ya ɓaci, ba don tausayin zabuwa ba, don dai muzuru ya riga shi. Sai ya sauka kan gawon da ke gonar makwarwa, ya ce mata ƙawarta ta sauke makashi a gida, yau ko gobe zai biyo hanyar nan. Shi zai zauna kan itacen nan ya sa ido. Shi ma ba ya son komai, sai abin da ba a rasa ba.

Ba a daɗe ba muzuru ya ce gadi ba zai yiwu ba muddin hanyar nan na buɗe, don ta nan ake kai wa shaho labari. Shaho ma ya faɗa wa makwarwa haka. Sai ƙawayen nan suka shiga saro ƙaya. Zabuwa na jibgawa ta nan, makwarwa na jibgawa ta can, kowace na hawaye, kowace na cewa waccan ce ta fara. Har shinge ya tashi ya rufe hanya.

Wurin da muka fi so ke nan, don Iya kan miƙe tsaye. Kowace safiya muzuru zai fito ya kalli gawo ya yi gurnani, gashinsa a tsaye. Shaho ya buɗe fukafukai ya yi ƙara. Tsuntsayen nan su firgita, kowace ta ruga ta ƙaro wa mai gadinta ƙwai. Haka suka shekara, muzuru da shaho ko ƙwarzane ba su taɓa yi wa juna ba.

Rannan ruwan shuka ya sauka. Zabuwa ta buɗe rumbu, irin da ke ciki na makwarwa ne, nata yana bayan shinge. Makwarwa ma haka. Suka zauna kowace da irin ƴar'uwarta a gaba, ƙasa ta jiƙe ta bushe, ta sake jiƙa ta bushe, har damina ta wuce ba wadda ta jefa ƙwaya. Da ƙwai ya ƙare, muzuru ya ji labarin wani gari mai agwagi, ya tafi ko sallama babu. Shaho ya bi shi don kada a sake riga shi. Shingen kuwa ba wanda ya tsaya ɗauke shi. Shi ya sa har yau zabuwa ke kuka da magariba tana kiran ƙawarta, makwarwa kuma ta amsa da asuba. In wannan na kira, waccan na barci.

Daga nan Iya ta ce ta sauke kayanta, mai ƙarfin wuya ya ɗauka.

Ƙanwata Zuwaira ta taɓa tambaya me ya sa kowace ba ta shuka wanda ke hannunta ba, tunda duk gero ne. Iya ta harare ta ta ce wanda ya shuka amana me zai girba. Ni kuma tawa tambayar ta fi ci mini rai, har wani dare na kasa haɗiye ta.

"Iya, ai suna da fukafukai. Me ya hana su tashi su tsallake shingen?"

Ban taɓa ganin an ƙure ta ba sai ranar. Ta ɗauki ɓawon gyaɗa ta jefe ni da shi.

"Ka ji mijin banza. Ba cefane sai gardama. Tashi ka kwanta."

Na kwanta ina jin daɗi, na ci tsohuwa da wayo. Shekara da shekaru ina tsokanarta da wannan tambaya, ita kuma ta ce in bari sai ta tambayo zabuwar.

Na yi lakwal, wato makarantar boko, na zama mushe, yadda muke kiran malamin makaranta, ina koyar da tarihi da labarin ƙasa a wata kwaleji a Magaria. A allo nakan zana wa yara yadda ƙananan ƙasashe ke neman jingina da manya, da yadda manyan ke rige-rigen samun wurin zama a ƙasashen wasu. Wani lokaci muzuru da shaho kan faɗo mini a rai in yi murmushi, in ci gaba da darasi. A ganina labarin yara ne da aka yi don a hana su yarda da baƙo mai daɗin baki. Iya kuwa tana nan, ta tsufa tukuf, kunne ya yi nauyi, ƙugu ya riƙe, jikoki ke noma mata ƴar gonar. Amma zaɓen zangarniya ba ta bar wa kowa ba, kuma kowace kaka sai an sa ta a mota, damin a cinyarta, an tsallaka da ita.

A bazarar da nake son faɗi, Iya Usaina ta zo kamar kullum, jikanta Sabi'u ya rako ta. Tsofaffin nan biyu suka kwana uku a ɗaki ɗaya suna hira da ƙarfi kamar masu faɗa, don ba mai jin wata sosai. Da za ta tafi, Iya ta raka ta har bakin mota ta ce sai kaka, in da rai. Usaina ta ce ta zo da wuri, kada ta tsaya jan jiki irin na bara.

Gero na cikin fitar da kai mulki ya sauya hannu a Yamai. Shugabannin ƙasashen maƙwabta suka taru suka yi fushi, suka sa mana takunkumi, aka rufe iyaka, aka yanke wutar lantarkin da ke zo mana daga kudu. Namu ma suka murtuke suka ja tasu ƙofar. Aka ce sojojin baƙin da suka daɗe a ƙasar su kwashe kayansu, aka fara jin sunan wasu sababbin abokai daga nesa, aka ƙulla sabon ƙawance da ƙasashen yamma da mu, waɗanda ba wani ɗan ƙauyenmu da ya taɓa cin kasuwarsu. Kowane ɓangare da wata babbar ƙasa a bayansa tana zuga shi. A fadarmu ta shan shayi muka raba gari, wasu na cewa yau muka sami ƴanci, wasu na cewa mai gadi kawai muka sauya. Ni ma na sa baki a ciki, kuma wasu hujjojin har gobe na yarda da su. Ƙasa na da hakkin zaɓen abokanta, wannan ba na ja.

Da na je gida, Iya ta ce in bayyana mata wa ya yi faɗa da wa. Na zage na yi mata darasi a kunne, na jera mata manya da ƙanana. Ta saurara har na gama, sannan ta tambaye ni ko a cikinsu akwai wanda ya san Usaina. Na ce babu. Ta ce to me ya sa suka tare mata hanya.

Kaka ta yi. Iya ta sa aka shimfiɗa mata zangarnu a tabarma, ta bi su ɗaya bayan ɗaya da yatsu, don ido ya rage, ta zaɓa ta ɗaure. Amma mota ba ta wucewa. Kowa ya san ba wai an daina tsallakawa ba ne. Samari na bi ta daji da moto, wato babur, mai da shinkafa da sukari na shiga suna fita ta hanyoyin yashi, sai dai tsada. Iya ta ce to a sa ta a moton. Muka hana, ta daina cin tuwo. Ƙarshe muka yarda. Na ɗaura ta da zane a bayan wani yaro mai hankali, ni na bi su a wani moton da damin. Ko gonakin garinmu ba mu gama wucewa ba na ga kanta ya langaɓe. Muka sauke ta a gindin wata kuka, ta yi amai, jikinta na rawa, ƙugun ya ƙi miƙewa. A amalanke aka mayar da ita gida, ta yi mako a kwance.

Na ce ta ba ni damin in kai, yini ɗaya na je na dawo. Ta ce ba a aike da shi, na sani. Na nace, na ce lalura ce, Iya Usaina za ta gane. Sai ta kama hannuna.

"Angona, in irin ya tafi ba ni, to ni me zai kai ni kuma?"

Ban sake tayar da maganar ba. Aka rataye damin a saman murhunta, karo na farko da namu ya kwana a ɗakin tun kafin a haife ni.

Na ce bari in haɗa su ko ta waya. A garinmu sai an hau tudun bayan makabarta ake samun rezo, wato layin waya ya kama. Wata la'asar muka ɗauke ta a amalanke muka hau, na kira Sabi'u, ya kai wa kakarsa. Na kara wa Iya wayar a kunne. Ta ɗaga murya tana cewa Usaina kina ji na, ni kuma ina jiyo wata siririyar murya daga can tana cewa Hassana kina ji na. Lokaci ɗaya suke magana, lokaci ɗaya suke yin shiru, kowace na jiran amsa. Ni da Sabi'u muka koma tafinta, yana faɗa mini ina yi mata ihu a kunne. Da farko dariya ta kama ni, daga baya na juya baya don kada ta ga fuskata. Saƙon ƙarshe da Sabi'u ya ba ni shi ne, Iya Usaina ta ce a gaya wa Hassana ta ɗaure nata, yana nan yana jira. Iya ta ce a gaya mata tana tafe da an buɗe.

Cikin tsakiyar sanyi Sabi'u ya kira ni ina aji. Iya Usaina ta rasu, zazzaɓi ne na kwana kaɗan. Aka yi jana'iza, aka yi sadakar uku, aka yi ta bakwai, Iya Hassana na zaune a ɗakinta mutane na shigowa yi mata gaisuwa a nan. Maza daga gidanmu suka bi daji suka je, har da ni. Wadda suka kwanta ciki ɗaya da mamaciyar ita ce ba ta je ba. Wannan abu ya ƙona mini rai, kuma har yanzu bai daina ba.

Zafi ya fara shigowa sai manya suka sassauto. A rediyo aka ce an tattauna, an ɗage takunkumi, an buɗe hanya. Na ji masu sharhi na lissafa wanda ya ci riba da wanda ya ja da baya. Washegari Iya ta sa aka sauko da damin.

Muka isa da azahar. Ta ƙi zama a tsakar gida, ta ce a kai ta ɗakin. An share shi, an naɗe tabarmar, amma a saman murhu ga ɗan damin nan a rataye da igiyar kaba. Matar Sabi'u ta ce shekarar ta yi musu tsanani, hatsi ya yi wuta, amma tsohuwa ta yi musu kashedi kafin ta cika, ba mai taɓa shi sai Hassana ta zo. Iya ta tsaya tsakiyar ɗakin dogare da ni, nata damin a hannu. Ta miƙa shi gaba kamar yadda ta saba, ta daɗe a haka. Sai ta juya ta sa shi a hannun Sabi'u, ta ce ya sauko da na kakarsa ya sa a hannuna. Ba ta yi mana wani bayani ba, ba mu kuma nema ba.

A hanyar dawowa ta jingina da kujera, har na ɗauka barci take. Muka zo kan iyaka, aka ɗaga mana sandar da ke tare hanya, wani ɗan itace da yaro ma zai iya ɗagawa da hannu ɗaya. Ta bi shi da ido har muka wuce. Sannan ta taɓa gwiwata.

"Angona, tambayar nan taka ta fukafukai."

Na ce ina ji, Iya.

"Na tambayo zabuwar. Ta ce tsufa ne. Masu ƙarfi duk sun tsallake, su ba a yi shingen don su ba."

Ba ta ga kaka ta gaba ba. Damina na tsaka ta bi ƴar'uwarta, geron da aka shuka da irinta yana kai gwiwa. Irin kuwa, a bazarar Sabi'u ne ya kawo shi da kansa, ya karɓi nasu daga hannuna.

Har yanzu ina koyar da darasin ƙawancen ƙasashe. Ina zana manya da ƙanana a allo, ina bayyana wa yara dalilin kowa, kuma dalilan ba duka ne na banza ba. Sai dai yanzu in na ja layi tsakanin ƙasa da ƙasa, hannuna kan yi nauyi, don na san wa layin ke tarewa. Masu gurnani da masu buɗe fukafukai sun shirya, ko za su shirya gobe, su zauna tebur ɗaya su ci abinci. Ba wanda zai je ya ce da su akwai tsofaffi biyu da suka yi alkawarin haɗuwa da kaka.

Ni ba manomin kirki ba ne, a gidan haya nake a Magaria, murhun gawayi matata ke amfani da shi. Duk da haka na buga ƙusa a bangon madafa, kuma damin Sabi'u na rataye a can. Ɗiyata ƙarama ta tambaye ni ko na wane ne, na ce ba namu ba ne, kada ta taɓa. Ta ce in ba ta labarinsa. Na zaunar da ita na ce ta ara mini kunnuwanta, na fara da zabuwa da makwarwa, na yi muryar muzuru har ta yi dariya. Da na zo inda ɗaya ke kira ɗaya na barci, sai na tsaya a nan. Yarinyar ta jira, ta jira, sannan ta ce, Baba, ai suna da fukafukai.